Wa Za Ki Bar Wa Tsohuwa In Za Ki Hau Kilimanjaro?

'Yan'uwana mata, a zamanin nan akwai wata irin tafiya da ta shigo wadda kakanninmu ba su san ta ba, watau mutum ya ɗaure kaya ya bar ƙasarsa, ba don fatauci ba, ba don biki ko ziyarar dangi ba, sai don kawai ya hau dutse ya sauko. Da can mun ɗauka aikin Turawa ne, su da ba su da abin yi. To, yanzu har cikin matanmu akwai masu sha'awar abin, su tara kuɗi shekara da shekaru don shi. Dutsen da aka fi ambata kuwa shi ne Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, wanda duk Afirka babu mai tsawonsa.

Maganata ta yau ba da 'yan mata na ke ba, waɗanda in sun rufe ɗaki sun gama sallama. Da ke na ke, ke da ki ke da uwa ko suruka a kwance, ko uba da hawan jini ya taɓa, ga kuma yara 'yan makaranta. Ke ce mai ba da magani da safe, ke ce mai dama kunu, ke ce a ke tasa da tsakar dare. Idan irinki ta ce za ta hau dutse, mutane za su ce da ita, “Ke da wa za ki bar wa tsohuwa?” Tambayar nan kuwa ba rainin hankali ba ce. Ita ce ma tambaya ta fari, tun gaban a zo maganar takalmi da rigar sanyi. Bari in nuna miki dalili, amma sai mun fara duban dutsen kansa.

Tsawon Kilimanjaro daga bakin teku mita 5,895 ne, watau ƙafa 19,341. Don ki gane, birnin Kano bai kai mita 500 ba. Jos da mu ke kukan sanyinta tana wajen mita 1,200. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, Chappal Waddi na Jihar Taraba, a kan iyakarmu da Kamaru, mita 2,419 ne, bai ma kai rabin Kilimanjaro ba. A shekarar 1889 aka fara kaiwa ƙololuwarsa, wani Bajamushe Hans Meyer da abokinsa Ludwig Purtscheller. Mace ta farko da ta kai can ita ce Sheila MacDonald, a 1927. A 2019 kuwa wata tsohuwa Ba'amurka, Anne Lorimor, ta hau shi tana da shekara 89. Ashe ke nan ba a ce sai ƙarti ba. Ba a kuma bukatar igiya a hanyoyin da jama'a su ka saba bi. Tafiyar ƙasa ce, ƙafa bayan ƙafa, da ɗan jagora a gaba, don dokar wurin ba ta yarda kowa ya hau shi kaɗai ba.

To, in haka ne mene ne wuyar? Iska ce. Ko da yaushe mutum ya ƙara sama, iska tana ƙara sirancewa, har a can ƙololuwa abin da ki ke samu a numfashi ɗaya bai wuce kamar rabin wanda ki ke samu a bakin teku ba. Jiki yana iya sabawa da wannan, amma a hankali ya ke sabawa, kwana bayan kwana, ba kuwa a yi masa dole. Daga wajen mita 2,500 ne ciwon tsauni ya kan fara kama mutane. Likitocin da su ka san wannan sha'ani sun ce in an wuce mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kwana uku ko huɗu a tsaya a huta yini guda.

Yanzu dubi hanyar Marangu, wadda a ke kwana cikin ɗakuna maimakon tanti. Daren farko a Mandara, wajen mita 2,700. Dare na biyu a Horombo, wajen 3,700. Na uku a Kibo, wajen 4,700. Kin ga kowane dare an ƙara mita dubu, ninkin abin da likitoci su ka ce. Masu yin ta a kwana biyar su ne su ka fi komowa ba su kai ba. Mai hankali ta kan ƙara kwana ɗaya a Horombo ya zama shida. Hanyar Machame kwana shida ce ko bakwai, ta Lemosho kuwa bakwai ko takwas. Waɗannan biyun suna da wata dabara: a hau da rana har wajen mita 4,600, sa'an nan a gangaro a kwana a Barranco, ƙasa da mita 4,000, don jiki ya ɗanɗana sama ya kuma sami barci. 'Yan jagoran wurin da harshen Suwahili su ke magana, kalmar da kuma ba ta fita bakinsu ita ce “pole pole”, watau sannu sannu.

Nan ne maganar tsohuwa ta shigo. Matar da ta bar majinyaci a gida, in aka jera mata hanyoyin nan, wacce ki ke tsammani za ta zaɓa? Ai ta kwana biyar. Za ta ce, “Bari in yi maza in komo, kada Iya ta neme ni ta rasa.” Ga shi kuma ta fi araha. Sai ta zaɓi hanya mai haɗari, ta tafi da rabin hankalinta a gida, kai yana sarawa tana ɓoyewa don kada a ce ta tsaya ta ƙara kwana. Sauri kuwa shi ya haifi nawa. Abin da dutsen nan ya ke nema a wurinki kwanaki ne, kwanakin kuwa ba a Tanzaniya za ki same su ba, a tsakar gidanki za ki nemo su, a hannun danginki.

Yi lissafi na gaskiya. Kwana bakwai ko takwas a kan dutse. Kwana ɗaya ko biyu na zuwa, don jirgin ya kan bi ta Adis Ababa ko Nairobi. Kwana ɗaya a garin Moshi, a gindin dutsen, don hutawa da duba kaya. Kwana ɗaya bayan saukowa, sa'an nan komowa. Mako biyu ke nan, ko kusa da haka. Mako biyun nan za ki faɗa wa maigida da dangi, kada ki ce musu “ 'yan kwanaki ne” don ki sami izini da sauƙi, don ranar da 'yan kwanakin su ka cika ba ki komo ba, mai riƙon gida za ta fara ƙunƙuni, ƙunƙunin kuwa a kan tsohuwa zai sauka.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wata uku ko huɗu kafin tashi ki tara waɗanda abin ya shafa, 'yan'uwanki in uwarki ce, dangin miji in surukarki ce. A yi magana a fili. Abin da za ki nema a zaman nan shi ne mutum ɗaya, da sunansa, wanda jinyar za ta koma hannunsa. Kada ki yarda da “ai muna nan, kowa zai taimaka.” Tukunyar da kowa ke dubawa ita ce ke ƙonewa. Facala ta ɗauka ƙanwar miji ta ba da maganin dare, ƙanwar miji ta ɗauka 'yar aiki ta bayar, ko kuwa duk su biyun su bayar, wanda ya fi muni. Mace ɗaya ce za ta kwana ɗakin, ita ce mai riƙe magani. Sauran su taimaka mata da girki da wanki da kai yara makaranta. Sa'an nan a sami namiji ɗaya ko mace mai mota ko mai sanin direba, wanda in an buga masa waya da ƙarfe biyun dare zai tashi.

Wani abu da mai jinya ba ta cika lura da shi ba shi ne yawan ilimin da ke cikin kanta wanda ba wanda ya sani sai ita. Ke kin san tsohuwa ba ta haɗiye ƙwaya sai da kunu. Kin san in ta yi shiru ta juya fuska bango, fitsari ne ya matse ta tana jin kunyar faɗa. Kin san ƙafar da a ke fara ɗagawa in za a tashe ta. Duk wannan ki rubuta shi a littafi, da babban rubutu, da Hausa. Kowane magani da sunansa, da launinsa, da lokacinsa, da ko kafin abinci ne ko bayansa. Katin asibiti da lambarsa, da ranar ganin likita. In ranar ta faɗo cikin tafiyarki, ki je tun da wuri a sauya ta, ko a san wanda zai kai ta. Magani kuwa ki sayi na wata guda, ba na mako biyu ba.

A shafin farko na littafin ki rubuta alamomin da ba a jira da su. Ga mai ciwon suga da ke shan magani ko allura: in ta fara gumi da rawar jiki da sambatu, musamman in ba ta ci abinci ba, sugan ne ya yi ƙasa, a ba ta ruwan sukari ko zuma nan take muddin tana iya haɗiya, sa'an nan a nemi likita. Allurar insulin ba ta son zafi, a ajiye ta a firji, amma kada ta daskare. Ga mai hawan jini: in baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, asibiti nan da nan, ba a tsaya shafe-shafe ko jiran gari ya waye ba. Ga wadda ke kwance ba ta iya juyawa: a juya ta duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da duga-dugai da kafaɗu, don gyambon kwanciya cikin 'yan kwanaki ya ke buɗewa, amma warkar da shi sai an yi watanni.

Rubutu kaɗai ba ya isa. Ki gwada. Wata biyu kafin tafiya, ki tafi gidan 'yar'uwarki ki kwana ɗaya, ki bar mai riƙon ta yi komai. Bayan mako biyu ki yi kwana uku. A nan ne za a ga inda baraka ta ke tun kina kusa. Ga tsohuwar da ruɗewar tsufa ta kama kuwa, wannan gwaji wajibi ne, gama irinsu ba sa son baƙuwar fuska ko baƙon ɗaki. Kada ki kwashe ta ki kai ta wani gida don za ki yi tafiya. Gara mai jinyar ta zo ta tare a ɗakinta, a bar mata gadonta da butarta da tasbaharta inda ta saba lalubawa. In tsohuwar kuwa da hankalinta, ki zauna ki gaya mata da bakinki inda za ki da ranar komowarki. Ba kyau ta ji a bakin jikoki.

Dabarar gwajin nan tana da riba biyu, don kwanakin da ki ka bar gida su ne za ki yi amfani da su ki horar da ƙafa. Mai jinya ba ta da lokacin zuwa filin motsa jiki, na sani. Amma tana da asuba. Ki fara da tafiyar rabin awa, sau huɗu a mako, ki riƙa ƙarawa har ki iya awa biyar ko shida a yini ɗaya da jaka mai kilo biyar a baya. 'Yar Kano tana da Dala da Goron Dutse, ta Zariya tana da Kufena, wadda ba ta da dutse kusa tana da matakalar bene, ta hau ta sauko har gwiwa ta saba. Saukowa ma aiki ce, ta fi hawa cin gwiwa. A gwajin kwana uku kuwa, in hali ya yi kuma hanya lafiya, ki je duwatsun Shere kusa da Jos, masu tsawon mita 1,829, ki ji yadda doguwar tafiya cikin sanyi ta ke. Sai dai ki sani, duk wannan ƙarfin ƙafa ya ke ba ki. Ba ya hana ciwon tsauni. Ciwon nan ba ruwansa da ƙarfi, ya kan kayar da ɗan dambe ya ƙyale tsohuwa.

Ke da ki ka saba kai wasu asibiti, yanzu sai ki kai kanki. A auna jininki, don da yawa cikinmu jini bai ishe mu ba ba mu sani ba, jinin kuwa shi ke ɗaukar iskar nan da ta yi ƙaranci. A auna hawan jini da suga. Abu mafi muhimmanci ga mutanen ƙasarmu shi ne gwajin sikila. Mai amosanin jini, watau SS, wannan tafiya ba tata ba ce sam. Mai AS kuwa, wadda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya haka ya ke, tana zaune lafiya a gida ba ta san komai ba, amma a can sama jini ya kan toshe wa wasunsu a saifa, su ji mugun ciwo a gefen hagu na ciki. Lalle ta gaya wa likita kafin ta biya ko kwabo. Mai ciki ta haƙura, mai goyon jariri ma ta jira yaye. Akwai ƙwayar da a ke kira Diamox, tana taimakon jiki ya saba da wuri, ta kan sa yawan fitsari da jin kamar kiyashi na tafiya a yatsu. Likita ne zai ce ki sha ko kada ki sha. Kada kuma ki manta da katin rigakafin shawara, ana tambayarsa ga wanda ya fito daga Nijeriya, da inshorar da ta rubuta a fili cewa ta ɗauki hawa har mita 6,000.

Maganar sutura ba ta da tsawo. Zane da atamfa na Moshi ne, ba na dutse ba. Ki nemi wando mai faɗi da riga mai saukowa gwiwa, da ƙaramin hijabi wanda ba zai kama ƙafa ba. Kaya hawa-hawa a ke sawa, uku ko huɗu, don a gindin dutse daji ne mai zafi da ruwan sama, a can sama kuwa da dare sanyi ya kan kai digiri 10 ko fiye ƙasa da sifiri, sanyin da hunturunmu bai taɓa ganin irinsa ba. Auduga a jikin fata tana riƙe gumi ta koma sanyi, gara ulu. Manyan rigunan sanyi da jakar barci ana hayarsu a Moshi. Takalmi ne ba a haya: ki saye shi tun yanzu ki yi duk horonki a cikinsa. 'Yan dako ne za su ɗauki babbar jaka, yawanci kada ta wuce kilo 15. Ki lissafa kwanakin al'adarki, in za su faɗo a kan dutse ki tafi da abin da zai ishe ki da leda ta zuba shara, gama ba a yar da komai a can. Sama tana kashe sha'awar abinci, saboda haka dabino da ƙuli-ƙuli da ɗan yajinki na gida za su yi miki rana. Ruwa lita uku zuwa huɗu kullum, ko ba ƙishirwa. Lokacin da ya fi kyau shi ne Janairu zuwa farkon Maris, ko Yuni zuwa Oktoba. Afrilu da Mayu damina ce. Ki zaɓi lokacin da ya zo daidai da hutun makaranta in mai riƙon gida malama ce, ko kuwa lokacin karatu in yaran ne za su dame ta. Ke kin fi ni sanin gidanki.

Saura magana mai nauyi, wadda mutane ba sa son yi. Waya tana kamawa a wasu wurare a kan dutsen, a wasu kuwa ba ta kamawa, sanyi kuma yana shanye batir. Ki bar wa gida lambar ofishin kamfanin da zai hau da ke, su ne ke da hanyar isar da saƙo ga ɗan jagora. Sa'an nan ku yi yarjejeniya a kan abin da za a gaya miki. In tsohuwa ta ƙi cin tuwo, ko yaro ya yi zazzaɓi ya warke, wannan na mai riƙon gida ne, ba a aiko miki da shi sama. In kuwa an kwantar da ita a asibiti, a gaya miki, kada a ɓoye. Amma ki sani tun yanzu: daga sama zuwa ƙofar dutse yini ne ko biyu, daga Moshi zuwa gida wani yinin ne ko biyu. In ta Allah ta kasance kina can, ba za ki sami jana'iza ba. Ki tambayi zuciyarki ko za ki iya ɗaukar wannan. Idan likita ya riga ya ce jikin ya yi nisa, ki ɗage tafiyar, dutsen yana nan inda ya ke. Idan kuwa doguwar jinya ce irin ta shekaru, wadda yau da jiya duk ɗaya, ba laifi ba ne mai jinya ta sami mako biyu nata. Tun kafin ki biya, ki tambayi kamfanin da masu jirgi ko suna yarda a sauya rana, da abin da za su cire.

A kan dutse kuwa, ki yi wa kanki abin da ki ke yi wa tsohuwa, watau lura. Ciwon kai kaɗan, da tashin zuciya, da rashin barci, da jiri, waɗannan ya kan sami mutane da yawa. Ki gaya wa ɗan jagora, kada ki ƙara hawa sai sun lafa. Amma in numfashi ya gagara ko kina zaune, ga tari mai kumfa, ruwa ne ya shiga huhu. In kina tangaɗi kamar mai maye, ko magana ta rikice, ƙwaƙwalwa ce ta kumbura. Biyun nan suna kisa cikin sa'o'i, maganinsu kuwa saukowa, nan take, ko da tsakar dare ne, ko da ƙololuwa na gabanki kina kallo. Mu mata mun iya daurewa, mu ce “ba komai” alhali da komai. Wannan hali a bar shi a gida. Daren ƙarshe a kan tashi wajen ƙarfe goma sha biyu da fitila a goshi, a yi awa shida zuwa takwas ana jan ƙafa, don a isa ƙololuwar da a ke kira Uhuru da fitowar rana, sa'an nan a juyo a yi ta gangara har la'asar.

In kin komo, kada ki karɓi jinya a daren. Ƙafafunki za su yi kwana biyu ba sa jin magana, mai irin wannan ƙafa kuwa ba ta ɗaga majinyaci. Ki sa kwana biyun nan cikin lissafin da ki ka yi da mai riƙon gida tun farko. Ita kuma ki tanadi ladanta daban cikin kuɗin tafiya, ko da 'yar'uwarki ce ciki ɗaya, kada ki bari sai abin da ya rage. A kasuwar Moshi akwai kofi, akwai kuma zanen da su ke kira kanga, ana sayar da shi bibbiyu, kowane da 'yar magana ta Suwahili a rubuce a bakinsa. Kafin ki saya wa facalarki, ki sa mai shago ya fassara miki, don wasunsu habaici ne.